Tiyon da ke cikin hoto

Litinin, 7 ga Oktoba 1996

Tanko ya sake sayen mota. Da safe aka zagaya gari da ita ana ta oda. Tanko da muka zauna benci ɗaya a lakwal, makarantar boko, wanda bai taɓa gama lissafi ba sai ya leƙa nawa. Shi ne kuma ya yi ta bin manya har aka sauke ni daga direktan lakwal, don na ƙi ƙara wa ɗansa maki. Tun ran nan ko sannu ba ta sake haɗa mu ba. Yau shi ne Alhaji mai motoci, ni kuwa Mushe Nomau, kamar yadda ake kiran malamin lakwal, mai jiran kuɗin fansho da ba sa zuwa. Na goge takalmana na fata, na zamanin direkta, na mayar ƙarƙashin gado. Su kaɗai suka rage mini.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Saratu ɗiyata ta zo daga Katsina da tarin hotuna na shagon Idi mijinta: injin ban ruwa, keken ɗinki, injin markaɗe. Wai in riƙa nuna wa mutane, wanda ya zaɓa ya biya, in aika wa Idi, shi kuma ya ɗora kayan a mota har ƙofar mai saye. Ni ba shago, ba ajiya, sai ɗan abin da na ɗora a kai. Na ce yaya zan sayar da abin da ban taɓa da hannuna ba? Ta ce, "Baba, karatun da ka yi ta ba yara, wa ya taɓa ɗaga shi ya ji nauyinsa?" Bakin uwarta ta ɗauko.

Asabar, 12 ga Oktoba

Na duba hotunan. Dubawa kawai.

Laraba, 16 ga Oktoba

Na sa takalman na sauka lambunan bakin tabki. Rabin masu lambun ɗalibaina ne, wasu har da furfura. Na zaci dariya za su yi. Sai ga shi suna goge hannu a riga kafin su karɓi hoto. Na ji wani na ce wa ɗan'uwansa, "In Mushe ya ce kaya za su zo, za su zo." Ban san ana faɗar haka a kaina ba. Ashe jarin ke nan.

Litinin, 28 ga Oktoba

Keken ɗinkin Ɗelu maƙwabciya ya iso jiya, har ɗakinta. Ni ko kwalin ban gani ba, ƙararsa na jiyo ta katanga. Ɗanlami direba ke kawo mini kaya, ran Lahadi kawai yake zuwa Katsina. Motocin Tanko kullum suna tafiya. Su yi ta tafiya.

Litinin, 4 ga Nuwamba

Atika, matar marigayi Yusuf, ta sayar da saniyarta don injin ban ruwa. Tabki ya fara ja baya, ita kaɗai ce da ƴaƴa ƙanana, ga tumatir ta dasa. Ta ɗora yatsa a kan hoton, inji ja da tiyo a naɗe gefensa, ta ce, "Wanga, yadda yake ɗin nan." Na ce yadda kika gan shi, haka zai zo.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Inji ya zo. Babu tiyo.

Ɗanlami ya ce ai can tiyo daban ake sayar da shi, kowa ya sani, na cikin hoto don ado aka ajiye. Kowa ya sani ban da ni. Na zagaya lambuna neman aro, mai shi yana amfani da abinsa, wanda ya rage kuma bakinsa ya yi wa injin kaɗan. Atika ta riga ta sallami mai yi mata jidon ruwa, don ta dogara da inji. Ɗanlami kuwa sai wata Lahadin.

Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Mushe, kai fa ka ce." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Litinin, 11 ga Nuwamba

Na je ba ta haƙuri, na tarar dashen ya sunkuyar da kai. Ban san lokacin da na ɗauki bokiti ba. Muka yi ta jido ni da ita har azahar, ga ruwa ya yi nisa. Laka ta riƙe takalmina na hagu, na zare ƙafa na ci gaba. Bayana kamar an sare shi. Bokiti ba zai ceci lambun nan ba har Lahadi.

Mota ɗaya ce ke zuwa Katsina gobe. Na san ta wa ce.

Talata, 12 ga Nuwamba

Na je tasha da takalmin roba. Tanko yana zaune a benci, ya tsufa, haƙoransa na gaba sun zube. Ban san ya tsufa haka ba.

"Nomau? Kai ne, ko idona ne?"

Na ce tiyo nake so daga shagon Idi, yau.

"Duk shekarun nan ba gaisuwa, sai tiyo?"

Na ce ba don ni ba ne, don marayun Yusuf ne. Sai ya miƙo mini takarda ya ce in rubuta girman da nake so, ni ne mai rubutu, shi har yau sai ya leƙa na wani. Ya ƙwala wa direba kira. Ɗan nasa ne, wanda na ƙi ƙara wa maki. Tanko ya ce, "Ga shi nan. Boko dai bai karɓe shi ba, gaskiyarka. Amma hanya ya san ta." Yaron ya durƙusa ya gaishe ni, Mushe kaza Mushe kaza.

Tanko bai ce in yafe ba, ni ma ban ce na yafe ba. An kawo shayi. Ƙin sha rashin kunya ne, shi ya sa na sha.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Tiyo ya iso jiya bayan la'asar. Da inji ya tashi, ruwa ya shiga fangali na farko, Atika ta zauna a ƙasa tana dariya. Ta ce, "Mushe, gobe ma ka zo jido, ka iya." Daga abin da na samu na biya tiyon. Daidai ne.

Juma'a, 22 ga Nuwamba

Mutum uku sun zaɓi inji a makon nan, wai sun ji yadda na yi da Atika. Na aika wa Idi ya sake ɗaukar hotuna, abin da ke cikin kwali kaɗai, ba ado. Kaya yanzu motocin Tanko ke kawowa, don kullum suke tafiya, ba don komai ba. Da hantsi nakan zauna bencin tasha in jira su. Benci ɗaya ne a wurin, shi ya sa.

Tumatirin Atika ya tashi, ban da fangali biyu na can ƙarshe, sun bushe tun kafin ruwa ya kai. Takalmin hagu yana cikin tabki. Ban koma nema ba.