Hannun Hagun Zara'u

Malam, salamu alaikum. Ka agaje ni.

Kafin komai, ina sanar da al'ummar Tasawa da Mayahi, na gida da na daji, cewa 'yata Zara'u ta rubuta sunanta a ardwaz, allon 'yan makaranta, har an karanta shi ba tare da tafinta ba. Na san duniya ba za ta girgiza ba, amma gidana ya girgiza, don da hannun hagu ta rubuta.

Zara'u bahaguwa ce. Bara ni da kaina na riƙa mayar mata da alli hannun dama, tana zana wasu abubuwa kamar sawun zabi. Ta tsani lakwal, makarantar boko, kullum da safe sai ciwon ciki. Bana da aka koma, darakta ya tara iyaye ƙarƙashin itacen bedi. Al'adarsa ce kowace shekara ya faɗi buri guda: bara rumfar 'yan CI, wato aji ɗaya, bana kuwa duk ɗan CP, aji biyu, ajin su Zara'u, zai rubuta sunansa kafin babban hutu. Ya ce lakwal ɗin ta kowa ce, kuma kowane yaro za a koyar da shi yadda Allah ya yi shi. Mai raunin gani a gaba, 'ya'yan makiyaya da tatsa ke sa su makara a ba su abokin da zai nuna musu abin da ya wuce, bahago kuma a bar shi da hagunsa.

Ni da nake ji da karatun jaridu, na miƙe na tambaya ko baɗi za a koyar da rubutu da ƙafa. Aka yi dariya, na zauna ina jin kaina. Madam Sa'adatu, malamar ajinsu, ta dai zaunar da Zara'u a bakin benci ta hagu don kada gwiwar hannunta ta riƙa karo da ta maƙwabciyarta. Shi ke nan fa. Ciwon ciki ya warke ba likita, yanzu ko bangon rumbuna bai tsira daga gawayinta ba. Allah ya saka wa baiwar Allah nan.

To ga damuwar. Mahaifiyata, Inna Hajjo, ta zo daga garin Sarkin Hausa ta gani. Ta ce ana lalata mata jika, wata rana da hagu za ta miƙa wa baƙo ruwa. Ko in je in sa a mayar da allin dama, ko ta tafi da yarinyar ta gyara ta, kuma na san in ta tafi, lakwal ta ƙare. Ban taɓa musu da Inna ba. Ba kuma zan iya kallon yarinyar nan ta koma ciwon ciki ba.

Maganar rubutu da ƙafa kuwa, ni ne ban yi daidai ba.

Baban Zara'u, daga Korgom

Amsa

Wa alaikumus salam, Baban Zara'u. Barka da wannan suna da aka rubuta.

Inna ba rubutu take tsoro ba. Tsoronta kada a ce jikarta ba ta da tarbiyya, kuma tsoro ne mai tushe. Saboda haka ka ajiye jaridunka, ba su za su rinjaye ta ba. Raba aikin biyu: ci da sha, gaisuwa, bayarwa da karɓa, duk na dama ne, kuma Inna ce malamarsu, ka faɗa mata haka a fili. Alli na hagu ne, na Madam Sa'adatu. Tsohuwar da aka ba ta nata fannin ba ta cika neman na wani ba.

Ka roƙi Madam ta zo gaishe ta. Ka bar su su biyu, kai ka fita. Wadda ta shawo kan yarinya da gyaran wurin zama kawai ba za ta rasa abin faɗa wa kaka ba. Kafin ranar, a koya wa Zara'u rubuta Hajjo, ta rubuta da hagu, ta miƙa ardwaz ɗin da dama, a durƙushe.

In duk da haka Inna ta dage, ka ce mata cikin ladabi yarinya ba za ta bar lakwal ba. Fushin uwa yana sauka da biyayya da yawan ziyara, amma shekarar karatu in ta wuce da wuya ta dawo.

Sai bashin da ke kanka. A gaban iyaye ka yi ba'a, to a gabansu za ka gode. Taro na gaba ka miƙe ƙarƙashin bedin nan, tunda miƙewa ba ta yi maka wuya.

Allah ya ƙara wa Inna lafiya, ya yi wa Zara'u albarka, dama da hagu.