Adda, Sun Ce In Kawo Duk Maganin Da Nake Sha

Assalamu alaikum, Adda. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga yayarta, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, na zo miki da labari daga Dawaki, kuma sai kin yi haƙuri da ni, kin san ba na iya gajarta zance.

Ciwonki uku duk na gaje su: hawan jini, suga, ga ƙoda ta fara gunaguni. Zannuwan da kika bari ma ban samu da yawa haka ba.

Shekaranjiya wata nas, Sista Rifkatu, ta yi sallama har tsakar gida. Wai an haɗa asibitin unguwa da babban asibiti saboda irinmu masu ciwo fiye da ɗaya. Kati ɗaya, lamba ɗaya, abin da aka rubuta a nan a gani a can, likita kuma zai riƙa zuwa unguwa. Na ba ta tabarma da ruwa, na bi ta da to, to. A raina kuwa na ce ruwa ba ya tsami banza. Tsari nawa muka gani ya zo da riguna da huluna, kafin damina ta zagayo ya bi iska? Kuma abin da na faɗa wa mace 'yar'uwata a ɗaki, wa zai karanta shi a can? Yaran da na koya wa karatu a firamare sun cika asibitin nan. Ke kika sha cewa akuyar mutum biyu a waje take kwana. In sun haɗu, wa zai ce ni tasa ce?

Da za ta tafi sai ta ce ranar Laraba in zo asibitin unguwa da duk abin da nake haɗiya, kar in bar ko ƙwaya. Nan take ke na tuna.

Kin tuna Malam Buba na asibitin unguwa, wanda ya yi shekaru yana auna jininki, ya kuma yi jinyar Innarmu har ta cika? Da suga ya taso shi ya ba ki takarda zuwa babban asibiti. Takardar ta tafi, amsarta ba ta taɓa dawowa ba.

A can likita ya tambaye ki ko kina shan wani magani. Ina zaune a gefenki kika sunkuyar da kai kika ce a'a, don kar a ce ki bar na Malam Buba, ya zama kin tozarta shi. Da muka koma unguwa kuma kika ɓoye na likita a ƙasan jaka, kar Malam Buba ya ga kamar an raina iliminsa. A cikin keke napep, a hanyar gida, kika ce mini ba a cin tuwon wani a je ana yabon miyar wani a gabansa.

Haka kika yi wa kowa kara. Farar ƙwaya da safe, ja da yamma. Ashe magani ɗaya ne ya sake riga. Jiri ya kwashe ki a bakin madafa, ƙugu ya karye, daga kwanciyar nan ba ki tashi ba. Kwana ya ƙare, na sani. Amma ni ma ina da baki ranar, na rufe shi. Wannan ban taɓa faɗa wa kowa ba, har 'ya'yanki.

To ga ni yau da gwangwanin maganina. Akwai na unguwa, akwai na babban asibiti, akwai na ciwon gwiwa da nake saya a kemis ɗin bakin Kasuwar Gombe, ga jiƙon da maƙwabciyata ke kawo mini, wanda ta rantse shi ya tashi mijinta. Jiya na zuba biyu a jaka, na tura biyu bayan kwalla. Wallahi hannuna ne ya yi da kansa, irin tarbiyyar gidanmu. Na daɗe a tsaye ina kallon kwallar.

Ban yarda da su ba, Adda, kar ki ɗauka na yarda. Na sa an kwafe mini duk takarduna, in na'urarsu ta ce babu sabis, tawa jakar ba ta san wannan ba. Zan kuma tambayi Sista sunan mutum ɗaya tak da zan kama in abu ya rikice. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Laraba zan juye gwangwanin gaba ɗaya a kan teburinsu, har jiƙon. Malam Buba ya yi ritaya, sai dai kullum yana zaune a bencin ƙofar asibitin unguwa, kuma ta gabansa zan wuce da ledar babban asibiti a hannu. Zan durƙusa in gaishe shi, in ji kunyar da kika ƙi ji, in shiga.

Ki yafe mini shirun da na yi, yayata. Allah Ya haskaka makwancinki, Ya sa ciwon da kika sha ya zama kankarar zunubi, Ya haɗa mu a inda babu layi babu kati. Amin.

Taki har kullum,
ƙanwarki Dija.