Kunyar da Ta So Kashe Ɗayyabu

Kazaure

Ƙawata Angelina,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Oga Sunday da su Jennifer. Yaya ƙafarsa, ta daina kumburin? Yaya sanyin Zonkwa? Allah ya sa komai lafiya.

Bayan gaisuwa, a kan benci nake rubuta miki wannan, a ƙofar ɗakin tiyata, don in ban ba hannuna aiki ba zan iya shaƙe wani. Ɗayyabu ne a ciki, mijin 'yata Rahamatu, wanda kika cashe ranar bikinsu. Likita ya ce sai ya buɗe zai san ko hanjin na da sauran rai.

Tun makon jiya yake amai, ciki na murɗa masa. Wani mai kemis ya ce taifod ne, ya ɗura masa ƙwayoyi. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, Rahamatu ta sa aka ɗauko shi a babur daga ƙauyensu na gefen Gwiwa zuwa ƙaramin asibitinmu na ƙasar Roni, yana ta roƙon a kai shi ko'ina ban da wurina. Kin san wurin, ba likita. Tunda na ƙaro karatun nan, ni ke duba mara lafiya, ni ke rubuta magani. Namiji ɗaya da muke da shi, Malam Halliru, ya fita rigakafi rugage.

Mutumin da ba ya iya tsayuwa, yana ganina sai ya zame daga gado wai zai durƙusa ya gaishe ni. Na tambaye shi jiki, ya ce da sauƙi, Umma. Na ce ina ke ciwo, ya ce ai ba komai, ɗan ciki ne. Ni kuwa ina riƙe da hannunsa, jijiya na gudu kamar ta tsuntsu, awon jini ya faɗi, harshe ya bushe, ciki ya kumbura kamar ganga. Rahamatu ta ce rabonsa da bayan gida ko iska tun ranar da ya loda buhunan gyaɗa a amalanke. Aman kuma kore ne mai wari. Hanji ne ya toshe, kuma ke kika dinga nanata min tun muna ɗalibai cewa duk cikin da ya toshe sai an duba matsematsi. Na ɗaura masa ruwa, na hana a ba shi ko kurɓi ɗaya, na kai hannu ga mazagin wandonsa. Angelina, sai ya damƙe mazagin nan, ya juya fuska bango.

Nan na gane. Ƙaba ce yake ɓoyewa. Ta daɗe tana fitowa tana komawa, wannan karon ta fito ta ƙi komawa. Matarsa ta sani, ya rantsar da ita kada ta faɗa min. Yaron da ke canza hanya in ya hango ni a kasuwa, ina zai buɗe wa surukarsa wurin nan?

Na gwada lallashi. Na ce masa na fi shi karanta littattafan fiƙihu, ban ga malamin da ya ce a mutu don kare sutura ba. Ya ƙara damƙe mazagin. Sai raina ya ɓaci. Na ce to ya zaɓa: ko ni kaɗai in gani yau, ko jibi masu wankan gawa su gani, kuma ya fi ni sanin bakin mutanen garinsu. Na ce 'yata ba za ta shiga takaba da tsohon ciki ba saboda ladabi. Ya jawo hularsa ya rufe fuska, ya saki mazagin.

Kumburin ya yi ja, ya yi tauri, ko tari ya yi ba ya motsi. Ban yi gangancin danna shi ciki ba. Na zura masa roba ta hanci, na sa ta fitsari, na yi masa allurar kashe ƙwayoyin cuta da ta rage zafi, na kira likitan tiyata tun kafin mu sami mota. A bayan motar na zauna ina riƙe da ledar ruwa har Kazaure, hular na kan fuskarsa duk hanya.

Ki sa mu a addu'a, ke da mutanen cocinku. Ki gai da kowa.

Taki har kullum,
Ikilima

Kazaure

Ƙawata Angelina,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan kun tashi lafiya. Saƙonki ya iso, na gode. Ki gai da Oga, ki ce ya rage gishiri ko in zo da kaina.

Ya fito da rai, alhamdu lillahi. An yanke guntun hanji da ya riga ya yi baƙi, an haɗa sauran. Amma hankalina bai kwanta nan take ba, don zazzaɓi ya rufe shi bayan aikin, kuma duk nas ɗin da ta tambaye shi jiki amsa ɗaya ce, da sauƙi. Na roƙi yaran ɗakin su daina tambayar bakinsa. Su ƙirga numfashinsa, su duba ledar fitsari, su taɓa cikin. An canza masa allura, zazzaɓin ya sauka.

Danginsa kuwa sun isa. Na kama gwaggonsa da ƙwaryar fura a ƙarƙashin mayafi, wai yaro ya rame. Kawunsa kuma ya tare ni a baranda yana min nasiha a kan abin da ya kamata tsakanin suruka da suruki. Na saurare shi har ya gama, don dattijo ne. Sannan na ce, Baba, da na bi taku, da yanzu tabarma kuke shimfiɗawa a ƙofar gida kuna karɓar gaisuwa. Ya gyara hula ya ce Allah ya kyauta. Na ce amin.

Ga wadda za ta ba ki dariya. Kin san ba a ba shi abinci sai hanji ya motsa ya saki iska. Muna ta jira, ni ina zaune a gefen gadon safe da yamma kamar mai gadi. Na sa abin saurare a cikinsa, hanji na ta ƙugi, amma shiru, shi kuwa sai gumi yake yana cije leɓe. Can Rahamatu ta matso ta raɗa min, ta ce Umma, don Allah ki ɗan fita. Ban kai bakin get ba ta biyo ni da cikinta tana haki tana dariya, wai an samu. Ni da na ga abin da na gani, wai iska ce zai ɓoye min!

Ya fara shan ruwan koko. In na shiga ɗakin sai ya rufe ido kamar mai barci. Na ƙyale shi.

Ki huta lafiya.

Taki,
Ikilima

Roni

Ƙawata Angelina,

Sallama da gaisuwa, da fatan ku duka kuna cikin ƙoshin lafiya. Mu nan sai godiya, an gama cirar gyaɗa, hatsi ya shiga rumbu.

An sallami Ɗayyabu, ɗinki ya kame, na hana shi ɗaga ko tulu har sai na ba da izini. Abin da ke damuna shi ne tun da ya koma gida bai tako gidana ba, gaisuwa sai ta bakin Rahamatu. Na fara tunanin na tsamo wa 'yata miji, ni na rasa ɗa.

Jiya ina tsakiyar duba mutane Malam Halliru ya leƙo ya ce ina da baƙi daga Gwiwa. Wani magidanci ya shigo yana jan ƙafa, ya ce sunansa Ashiru, wan Ɗayyabu ne. Wai ƙaninsa ne ya matsa masa, don shi ma yana da irin abin, ya yi shekara da shekaru yana ɗaure shi da tsumma in zai shiga gona. Na ce Malam Halliru ya duba shi, tunda ga namiji. Ashiru ya ce a'a, an ce masa lallai Umma. Amma da ya hau gado sai shi ma ya riƙe wando. Kafin in buɗe baki na ji murya ta taga, daga gindin darbejiya, tana cewa, Yaya, ka saki tun da arziki, wallahi in ta yi magana ba za ka so ba.

Ya saki. Tasa tana komawa, ba ta shaƙe ba tukuna. Na rubuta masa takardar zuwa Kazaure a yi masa aiki a natse, yana ci yana sha.

Na wanke hannu na fito don in ga mai muryar, ashe Ɗayyabu ne. Yana hango ni ya durƙusa daga nesa, kansa a ƙasa, ya ce Umma, akwai sauran mutum biyu a garinsu, ran kasuwa mai zuwa zai kawo su. Na ce ya kawo, amma in na ji ya ɗaga babur ɗin da zai kawo su da kansa daga cikin yashi, ni da shi ne.

Rahamatu ta kusa. In ta sauka lafiya ki shirya zuwa suna, ba na karɓar uzuri. Ki gai da Oga da yara.

Taki har kullum,
Ikilima