Inna, Tattaɓa-Kunnenki Ya Shiga Gidan Ziegler

Assalamu alaikum Inna, Allah Ya kai haske kabarinki. Bayan gaisuwa mai yawa, ina sanar da ke cewa Hauwa, 'yata, ta sauka ranar Talata. Namiji ne.

Kin rasu ba ki ga mijinta ba. Yaron kirki ne, ya musulunta, sunan gidansu Ziegler. Mahaifinsa, wani tsoho mai son tarihi, ya zo asibiti da kundi ƙato maimakon tuwo. Ya zaunar da ni ya ce sunan na nufin mai gasa tubali. Daga wani ƙauye a kudancin Jamus sunan ya taso, ya gangara tashar jirgin ruwa, ya haye teku, ya sauka a Stapleton, unguwar da nake sayen daddawa yau. Na dubi hannun tsohon, Inna, ko tukunya bai taɓa ginawa ba.

Sai ya nuna mini layi guda: kowane ɗan fari sunansa Heinrich. Ya tambaye ni tarihin namu sunan. Me zan ce? Mu sunan uba muke ɗauka, in jikoki sun zo ya koma addu'a. Sunan Baba, Haruna, dai ya tsira ne don fasfona ya riƙe shi. Sunan da ba ki taɓa furtawa ba shekara da shekaru, sai dai "Malam", nan kowace yarinyar banki na kira na da shi. Hauwa ta sa shi a makaranta, ta ajiye ranar aure.

Na ɗauka ina da kwana bakwai kafin ranar suna. Ashe asibiti na son takarda da sunan jariri kafin sallama. Kin koya mini kakan wajen uwa ba ya roƙon suna, don haka na yi abin da na iya: na yi ta ba da labarin kirkin Baba, ina tari. A ƙasar nan ba a jin tari, Inna. Mijin Hauwa ya miƙo mini ruwa.

Jiya na wuni da waya a hannu. Na fara rubuta wa Hauwa saƙo sau uku, na goge. Da la'asar ta kira, da Turancinta kamar kullum, ta ce an cike takarda. Na ce wane suna? Ta koma zancen asibiti. Na sake tambaya. Sai ta ce da Hausarta mai ɗingishi, "Baba, ai ka sani. Abba yana barci."

Sunan da ta faɗa wa malamai da direbobi tun tana yarinya, yau ya fi ƙarfin bakinta. Ban san inda ta koyo ba, in ba wajenki ba.

Tsohon ya ƙara layi a kundinsa: Haruna Ziegler. Allah Ya raya shi, Ya haɗa ki da mai sunan a Aljanna.

Ɗanki mai kewarki,
Baban Hauwa