Hannayen Da Na Ara Wa Alinader

Gwaggo Sinab,

Don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Ki yi haƙuri da rubutun, aji huɗu na yi a firamare, na huɗun ma sau biyu na zauna shi, har malaminmu ya ce da alama ajin ne nake ƙauna.

Ni mai hoto ne, ko in ce na taɓa zama. Shekara talatin da ɗaya ina da shago a garinmu Marawi, bayan kasuwa, da labulen bango mai zanen tafki da masallaci da wata bishiyar kwakwa da ta karkace kamar mai gyangyaɗi. Kwat ɗaya ce da ni a rataye, rabin angwayen unguwarmu a cikinta suka yi hoto. Aikina ƙarya ce mai tsafta: in goge ƙuraje, in rage tumbi, in cike giɓi, in mayar wa mai sanƙo gashinsa. Ba wanda ya taɓa kai ƙarata. Godiya ma ake yi.

Kin san halinmu da tamfol. Yaro ya ci jarrabawa, ko an dawo daga Makka, sai dangi su buga ƙaton tamfol na taya murna su rataya a titi. Hoto a sama, a ƙasa sunan uba da uwa da kawunnai da gwaggwanni, har kakan da ya rasu tun kafin a haifi yaron. Ka manta kawu ɗaya, ka jawo wa kanka gaba. To ni na yi tamfol ɗin Alinader, ɗan aminina Kosain, lokacin da ya ci jarrabawar injiniya. Da Kosain muka tashi, tare aka kore mu daga makarantar allo saboda satar ayaba, shi yake kirana Maƙaryacin Gwamna ni ina kiransa Alhajin da bai je ba. Sunaye ashirin da bakwai na jera a ƙasan hoton yaron nan, yana murmushi cikin rigar kammala karatu. Ƙurajensa ma ni na goge.

Wata biyu da rataya shi, ana saura kwanaki azumi, mayaƙa masu baƙaƙen tutoci suka shigo gari. Washegari da hantsi muka fita a ƙafa. Kowa ya ɗauki abin da hankalinsa ya ba shi. Matata ta ɗauki takardunmu, ni na rungumo tukunyar dafa shinkafa mai aiki da lantarki, babu shinkafa babu lantarki, na kai ta har garin Iligan kamar jaririya. 'Yata Johaira, tana da shekara sha tara a lokacin, ta bar kayan sawarta ta ɗauko kyamarata. Tare da mu akwai Lorna, telar da ke maƙwabtaka da shagona, Kirista ce, matata ta zura mata hijabi ta ce ta sunkuyar da kai kada ta ce uffan, domin masu tutocin nan Kiristoci suke farauta.

Wata biyar aka yi ana luguden wuta. Shago ya ƙone, da labule, da kwat, da hotunan shekara talatin. Alinader kuma ba a sake ganinsa ba, ko gawarsa. Abin da gidansu suke faɗa shi ne ya koma ɗauko wa kakarsa magani, hanya ta rufe da shi. Haka kowa ya karɓa, haka aka yi addu'a.

Johaira ba ta dawo mini da kyamarar ba har yau. Ta zama mai ɗauko wa jaridu hoto a Manila, babban birnin ƙasarmu. Inda duk ake rikici nan za ki same ta: rusau, ambaliya, 'yan sanda da masu zanga-zanga sun yi cirko-cirko. Ina tsokanarta cewa ni sai mutum ya yi murmushi nake danna kyamara, ita kuwa sai ya fara kuka. Ita kuma takan ce ai Baba kai ba hoto kake ɗauka ba, kwalliya kake yi wa bayin Allah.

Wata uku da suka wuce ta kawo mini hotuna sha biyu in wanke mata, wai duk Manila babu mai idon launi irin nawa. Na san zuga ce, amma na hau. Za a yi nunin hotunan yaƙin garinmu a can, an zaɓi nata. Na buɗe na bakwai a kwamfuta. Titinmu ne, safiyar da muka gudu. Tamfol ɗin da na yi yana rataye, Alinader yana murmushi a sama. A ƙarƙashinsa kuma ga Alinader ɗin a tsaye, baƙin ƙyalle a ka, bindiga a hannu, yana kallon kyamara. Ƙurajen sun dawo. Sunaye ashirin da bakwai ɗin nan ana karanta su tsaf, domin ni ba na aikin banza.

Ni ina wurin ranar, Gwaggo, amma ban gan shi ba, ina fama da tukunya. Johaira ta ce shi ne aka sa ya tsare bakin gadar da ke ƙarshen titinmu. Ya dubi Lorna, matar da ta ɗinka masa rigar makaranta tun yana ƙarami, ya gane ta sarai, sai ya kau da kai ya ce mu wuce da sauri. Wannan bai shiga hoton ba. Shekaru ta riƙe abin a cikinta, ko uwarta ba ta gaya wa ba.

Yanzu ga inda na yi wautar. Rakma, uwar yaron, ta sha zuwa tana tambayata ko akwai wani hotonsa da ya tsira a wurina, nasu duk sun ƙone, har fuskarsa ta fara ɓace mata. Kullum in ce babu. To ga shi yanzu akwai. Na ce bari in goge baƙin ƙyallen kawai in gani. Na goge. Hannu ya saba, sai ya zarce kan bindigar. Da bindiga ta tafi sai ta tafi da yatsunsa, yaro ya tsaya ba hannaye. Na duba hagu na duba dama, na ɗora nawa hannayen a kan tebur, na sa matata ta ɗauka da waya, na liƙa masa. Na wanke, na sa a gilas, na kai gidan wucin gadin da suke zaune.

Kosain ya karɓa ya duba, ya miƙa wa matarsa, ya fita waje wai zai duba kaji. Ba su da kaji. Rakma ta daɗe tana shafa gilas ɗin. Sannan ta ce Allah ya saka mini, ta ce oh, ji yadda hannayensa suka tsufa a kwana ɗaya. Na yi dariya na ce ai wahalar karatun injiniya ce. Ta rataye shi a saman inda take salla.

Da ƙaramar salla Johaira ta je gaishe su, ta gani. Ta ci alewar dodol ɗin da aka ba ta, ta sha kofi. Da ta dawo gida ne aka yi yaƙin da ya fi na Marawi. Ta ce na saci hotonta, na yi wa matacce ƙarya, na yi wa uwarsa ƙarya. Ta ce irin wannan gogewar ce ta sa har yau ba mu tambayi kanmu yadda aka yi yaron da ya ci jarrabawar injiniya ya tsaya a bakin gada da bindiga ba, kuma in kowa ya goge nasa ɗan, za a wayi gari kamar aljanu ne suka ƙone garin. Na ce mata aljanu ba su da kawunnai ashirin da bakwai. Kin san mutanenmu da martaba. Ranar da hoton nan ya hau bango a Manila, kafin la'asar yana cikin wayar kowa, waɗanda aka kashe wa 'yan'uwa za su karanta sunayen, dangin Kosain kuma za su nemi wanda ya tona su. An yi rido, gabar jini tsakanin dangi, a kan abin da bai kai wannan ba.

Mako uku ke nan ba ta yi mini magana. In ta kira, uwarta take nema. Saura mako biyar a buɗe nunin. Kosain kuma jiya ya aiko mini da kwalbar yajin palapa, wai Rakma ce ta daka don Maƙaryacin Gwamna. Na kasa ci, ni da ko a zaman makoki ba na barin loma.

Me zan yi? In je in faɗa wa Kosain, in kashe masa ɗa karo na biyu? In yi shiru har su gani a waya? Ko in durƙusa wa 'yar cikina ta janye hoton da ya fi duk wanda na taɓa ɗauka a rayuwata? Wallahi ya fi, wannan ma yana cikin abin da ke cina.

Naki,
Mai Goge Ƙuraje, Iligan

*

Malam Mai Goge Ƙuraje,

Na yi dariya a kan tukunyar, daga nan ban sake ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka tafi, ya ba ku haƙurin abin da ya same ku.

Bari in fara da abin da ka rubuta da hannunka amma ka ƙi karantawa. Uwa ta san hannun ɗanta. Da Rakma ta ce hannayensa sun tsufa, gaya maka take yi ta ga an cire wani abu daga cikinsu, kuma ta san ko mene ne. Kosain bai fita duba kaji ba, kai ma ka faɗa. Ina kyautata zaton mutanen nan sun daɗe da sani, ko da zargi. Sun karɓi ƙaryarka ne domin sun ga ƙauna ce ta kawo ta. Saboda haka ka daina tsoron kai ne za ka kashe musu ɗa. Abin tsoro shi ne su ga hoton a wayar wani, su gane kun sani kun bar su.

'Yarka tana da gaskiya a abu biyu. Hoton nata ne, amana ta ba ka, ka taɓa shi ba da izininta ba. Kuma hoton yaƙi ba hoton ango ba ne, shaida ce. Ranar da aka fara gyara shaida don ta yi daɗin kallo, ba mai sake yarda da sauran. Ka ba ta haƙuri a kan wannan, haƙuri tsura, ba tare da barkwanci ba. Na san zai yi maka wuya.

Kai ma kana da taka gaskiyar. Mutum ashirin da bakwai ɗin nan ba su ɗauki bindiga ba, murna suka taya yaro. Akwai tsofaffi a cikinsu, akwai masu 'ya'ya a makaranta. Johaira za ta koma Manila, su suna nan. Wanda ya ɗauki hoton rikici bai gama aikinsa ba sai ya tambayi kansa a kan wa hoton zai faɗo. Sannan hoton nata ma bai faɗi komai duka ba. Ya nuna bindiga, bai nuna kau da kan da ya ceci Lorna ba.

Ga abin da nake ganin za ka yi, kuma cikin makon nan. Ka je wurin Johaira da ƙafarka, kada ka aika uwarta. Bayan haƙuri, ka roƙe ta abu ɗaya: kada hoton ya fita sai iyayen yaron sun gan shi. Ku tafi tare wurin Kosain, shi kaɗai da farko, da wani dattijo da dangin biyu suke jin maganarsa, domin in zance ya bazu a samu mai riƙe shi. Ku nuna masa na ainihin. Johaira ta ba shi labarin gada da bakinta, ita ce ta gani. Shi ya san yadda zai shigar da maganar wurin matarsa.

Game da nunin, a shawarata sunayen nan kada su hau bango ko da iyayen sun yarda, domin ba nasu kaɗai ba ne. Akwai hanyar da ba ƙarya ba: a rufe wurin sunayen da baƙin layi a fili, kowa ya ga an rufe, a rubuta dalili a ƙasa, tare da abin da ya faru da telar ba tare da ambaton sunanta ba. Ko da haka 'yan gari za su gane fuskar, shi ya sa maganar iyayen take da nauyi. In suka ce a'a, ina roƙon Johaira ta ajiye shi. Tana da sha ɗaya. Hoton da ya jira shekarun nan zai iya ƙara jira. Ba zan yi maka alkawarin za ta yarda ba, ko cewa Kosain zai ci gaba da aiko da yaji. Mai yiwuwa ka rasa wani abu. Amma shiru zai sa ka rasa duka.

Wanda ke rataye a ɗakin Rakma kuwa, kada ka ce a sauke, kada ka ce a bari. Nata ne. In ta bar shi, ta bar shi ne tana sane da cewa hannayen aminin mijinta ne a jikin ɗanta, kuma ban ga abin kunya a nan ba.

Ka ci palapar nan kafin ka tafi, don in ta tambaye ka ko ta yi daɗi ka samu gaskiya ɗaya da za ka fara da ita. Allah ya sanyaya zukatanku, ya daidaita ka da 'yarka, ya sa ku fito daga gidan Kosain kuna masu iya komawa.

Gwaggo Sinab