Yaya Garba Ya Dawo Da Ƙafafunsa

Zuwa ga Alhaji, mai kamfanin shirya tafiye-tafiye da ya yi mana hidimar zuwa Italiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali da yaran ofis, ina sanar da kai mun iso Tambuwal lafiya, ni da yayana Alhaji Garba, kuma da ƙafafunsa ya shiga gidansa a Jabo. Farin cikin wannan ne ya sanyaya wasiƙar da na ƙulla maka tun ina can, wadda da ta fito da ba mu sake gaisawa ba. Na sakaya sunanka saboda mutuncin da ke tsakaninmu. Maganar kuwa a fili zan yi ta, don na ji mutanen Kebbe da Sanyinna masu 'ya'ya a waje suna shirin zuwa wurinka.

Na farko. Ka tuna ranar da na zauna gabanka na ce Nasiru, ɗan Yaya, ya gama karatu a Italiya, za mu je bikin yaye su. Baki da baki na gaya maka Yaya yana da hawan jini, likita ya ce a lallaɓa zuciyarsa, don haka a nema mana masaukin da dattijo zai miƙe ƙafa kafin ranar biki. Ka juyo mini kwamfuta, ka nuna mini gidan dutse da itatuwan zaitun, ka ce otal ne na iyali, tsoho da tsohuwa da 'ya'yansu ke riƙe da shi, babu hayaniya. Duk wannan gaskiya ne. Hoto kawai ka kalla, bayanin ba ka karanta ba.

Na biyu. Garin tsoho ne, yana ɗare kan tsauni, ganuwa ta zagaye shi, lungunansa duk matakala. Otal ɗin kuma na masu zuwa motsa jiki ne. Washegarin saukarmu muka fito cikin manyan riguna, muka tarar da tsakar gida cike da Turawa cikin gajerun wanduna, wasu na duba tayar keke, wasu riƙe da sanduna. 'Yar masu gidan, wadda ke jagorantar baƙi kuma take jin Ingilishi, ta karanto sunayen masu fita hawan tsauni. Namu na ciki.

Na uku, kuma nan ne ya kamata ka fi kowa ganewa, tunda kai ɗan ƙasar nan ne. Mai gidan da kansa, tsoho wanda ya girmi Yaya, ya zo ya miƙa masa sanda, ya ce yau shi zai raka manyan baƙinsa. Ka taɓa ganin dattijon Jabo da mai masaukinsa ya karrama haka ya ce ba zai iya ba? Yaya ya karɓi sanda, ya ce in gaya musu shi da ƙafa yake kai gero kasuwar Dogon Daji. Bai ce tun yana saurayi ne ba. Ni kuwa ƙane ne, ba na tona rashin lafiyar wana gaban baƙi yana tsaye, kuma na sakankance ofishinka ya riga ya sanar da su, za su bi da mu hanya mai sauƙi.

Muka kama hanya, Yaya a gaba ni a baya kamar yadda aka saba, ƙeyarsa kawai nake gani. Yarinyar nan ba ta yi sakaci ba, kowace kwanar hanya sai ta waiwayo ta tambaye shi, shi kuma ya ɗaga hannu ya ce lafiya lau. Su idan mutum ya ce lafiya, sun yarda. Can cikin gonar zaitun ya zauna kan wani dutse, gumi ya jiƙa rigarsa, hannu dafe da ƙirji. Da na durƙusa gabansa sai cewa ya yi, "Ni ban gaji ba, hutawa nika yi."

Alhaji, ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Abin da ya zo mini shi ne da wane baki zan kira Jabo, kuma me zan ce wa Nasiru da ke can yana gugar rigar biki.

Tsohon nan ba ya jin Hausa, amma ya kalli leɓen Yaya, ya kama wuyan hannunsa, ya kira ɗansa a waya. Ɗan ya zo da wata 'yar mota mai ƙafa uku, sak Keke Napep, wadda suke kwasar zaitun da ita. A bayanta aka sauko da Alhaji Garba, mai gonaki da jikoki, zuwa asibitin garin. Likita ya ce Allah ne ya taimaka da ya zauna inda ya zauna. Da aka sallame shi, tsohuwa ta kwashe kayanta daga ɗakinsu na ƙasa ta ba mu, don kada ya sake taka matakala. Kullum ita ke dafa masa kifi da ganye ba gishiri, ta tsaya kansa sai ya cinye.

Na huɗu, kuma shi ne ainihin kukana. Yarinyar ta gaya mini, ranta a ɓace, cewa ba sa karɓar baƙo sai sun tambayi lafiyarsa, kuma sun tambayi ofishinka ko cikinmu akwai mai larura. Aka amsa musu cewa lafiyarmu ƙalau. Alhaji, tambayar likita aka yi muku, kuka ba da amsar gaisuwa. Yaya ya yi kara saboda dattako, na yi shiru saboda kunya, amma kai aikinka ne ka faɗa.

Don haka ina roƙon abu uku. Ka riƙa karanta bayanin masauki kafin ka tura mutane. Abin da aka gaya maka na lafiyar matafiyi ka isar da shi yadda yake. Sannan ka rubuta wa iyalin nan ka ba su haƙuri, domin har muka taho tsohon yana ganin laifinsa ne.

Allah ya ƙara wa kasuwarka albarka, ya kare ka daga zama sanadin hawayen wani. Su kuma Allah ya saka musu da alheri.

Yaya ya halarci bikin, ya ga an kira sunan ɗansa, ya yi ta share ido da hannun riga. Sandar nan tsohon ya bar masa, da ita yake zuwa masallaci yanzu. A majalisa yana ba mutanen Jabo labarin yadda ya hau tsaunin Italiya har ƙoli. Ina zaune ina ji, ba na gyara masa. Ya isar mini cewa shi ne ke ba da labarin da bakinsa.

Wassalam.

Naka,
Malam Sanusi, malamin makaranta mai ritaya, Tambuwal.