Kada a Toshe Tagar 'Yan Tsaki

Da sunan Allah. Ni Isa ɗan Marka, mutumin Gummi, na rubuta wannan da hannuna cikin ɗarin 1985. Ƙirjina ne ya lalace, hankalina garau yake. Wanda ya ce ciwo ya taɓa mini kai, maƙaryaci ne. Amina, tun da na koya miki karatu, ki karanta wa ƙanenki Dikko da kakarku, Inna Marka.

Na ɗaya. Rabon gado na malamai ne. Amma 'yan tsaki arba'in da ke ɗakin baya, da kasko da fitila, na ba ku kyauta. Ku shimfiɗa musu ƙaiƙayin shinkafa busasshe. Gawayi shi kama a tsakar gida, sai ya zama garwashi a shiga da shi. In sun dunƙule suna kuka, sanyi ne. In sun gudu jikin bango baki buɗe, zafi ya yi yawa. Ku dube su, su za su faɗa muku.

Na biyu. Kada a toshe tagar ɗakin nan, ko ruwan randa ya daskare. Kada kowa shi kwana ciki.

An ce muku zazzaɓi ya ɗauke mahaifiyarku Hawwa'u bara. Ba shi ba ne. Na koyi wannan kiwo daga wata takardar malaman gona da aka ƙunso mini tsire a tashar Anka, rabinta a yage. Rabin da na samu ya ce a ba 'yan tsaki ɗumi, ni kuwa na cusa tsumma a taga da ƙasan ƙofa. Hawwa'u ta ce kanta na sarawa, na ce raki ne, ta je ta tsare mini kasko. Ta je. Hayaƙin gawayi ya kashe ta, ni na rufe mata iska.

Na uku. Kawunku Maikuɗi, yayanta, ya faɗi haka ran janaza, na zage shi gaban jama'a, na hana ku gidansa. Gaskiyarsa ce ta ƙona ni. Inna, ki kai su wurinsa a Bukkuyum da wannan takarda. In ya ƙi yafe mini, hakkinsa ne, amma kada shi ƙi ɗiyan ƙanwarsa.

Allah shi yi muku albarka, shi rufa muku asiri. Ku riƙe juna, ku riƙe dangin uwarku. Dikko, wanda ya ce maka wani abu na damunsa, ka yi shiru ka saurara. Ni ban yi ba.